Farar Safar da Na Rataye a Ƙusa

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma a duk abin da na rubuta muku game da rayuwata babu wanda na yi ta ɗagewa kamarsa. Kun san bokona ba shi da nisa, aji shida na yi a zangon Kumasi aka cire ni aka miƙa wa mahauta, saboda haka kada ku nemi ado a rubutun. Da ku biyu nake, Safiya da Bashir, sai 'ya'yanku in sun yi hankali. Tun shekarar da mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, ta yi ciwon shanyewar ɓarin jiki, akwai wata magana da ta zauna a tsakaninku. Kuna gaisawa ran Sallah, kuna aika wa yaran juna kaya, amma ban ƙara ganin kun zauna a ɗaki ɗaya kun yi dariya ba. Bashir, kai kana ganin yayarka ce ta wahalar da mahaifiyarku a banza. Ba ita ba ce. Ni ne, kuma ga yadda aka yi.

Lokacin muna gidanmu na Longsight, ina yankan nama a shagon wani ɗan Pakistan a bakin Stockport Road. Wata Laraba da la'asar Hajiya, mahaifiyarku, tana tuƙa tuwo, dama na riƙe da muciya, hagu na riƙe da tukunya, sai tukunyar ta suɓuce ta kife. Allah ya sa ranar hutuna ce, ina falo. Ta yi makonni a asibiti. Baki ya koma daidai, ƙafa ta dawo har tana hawa bene da sanda, amma hannun hagu ya ƙi. Yatsun sun dunƙule kamar mai ɓoye ƙwai a tafi. Takan ɗaga wuyan hannun kaɗan, ta buɗe babban yatsa da manuni da ƙyar, shi ke nan. Mutane suna ta zuwa dubiya suna jajantawa, ni kuwa a zuciyata cewa nake an gode Allah tunda hagu ce. Tana da damanta, za ta ci abinci, za ta ja carbi, za ta gaisa da mutane. Me ya rage?

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ɗankwali. Kun san mahaifiyarku da ɗauri. Matan Longsight da na Rusholme, 'yan Ghana da matan likitocin nan 'yan Kano, in za a yi biki gidanmu suke biyowa ta ɗaura musu kafin su wuce. Ga shi hannu ɗaya ba ya ɗaura ɗankwali. Sai ya zama kullum da safe, kafin in tafi shago, ni nake tsayawa a bayanta a gaban madubi in yi abin da na iya. Ta duba ta wannan gefen, ta duba ta wancan.

"Alhaji, wannan ai ƙunshin cinyar rago ne," takan ce. "Saura ka sa ni a leda ka miƙa wa mai saye."

Muna dariya, amma ta daina fita taro. Ko masallacin Juma'a ta bari, ta ce ƙafa ce, alhali ƙafar tana kai ta har kasuwa in ta so.

Safiya lokacin ta yi aure tana Birmingham, tana aiki da masu irin wannan ciwo, tana koya musu yadda za su sake amfani da hannuwansu. Ni ban taɓa zama na fahimci aikin ba, in an tambaye ni sai in ce aikin asibiti take yi, in sauya magana, don na so ta zama likita ba ta zama ba. Tana ɗauke da cikin fari mai laulayi, an hana ta yawan tafiya. Da Baturiyar da ke zuwa gida tana motsa wa Hajiya hannu ta cika makonninta, sai suka yi magana da Safiya a waya, suka shirya cewa ita za ta ci gaba daga can. Bashir, kai ka kawo kwamfuta daga flat ɗinka na Fallowfield, ka ja waya, ka maƙala wata 'yar kyamara a kanta mai kama da idon saniya. Kowace safiya kafin ta tafi aiki, da kuma ranar Lahadi, fuskar yayarka takan fito a gilashin, wani lokacin ta daskare da baki buɗe har sai ka daki akwatin da tafin hannu. A kiran farko ta tambayi mahaifiyarku:

"Mma, me kike so ki iya yi da hannun nan? Just one thing, abu ɗaya tak."

"Ki raba kaina da mahauci," in ji Hajiya. "In ɗaura ɗankwalina da kaina."

Bayan kwana uku sai ga ƙunshi ta gidan waya. A ciki akwai kwalbar wake, da fegin shanya, da kofunan roba, da takarda mai layi-layi ta mannawa a jikin firji, da wata farar safar hannu mai kauri, irin wadda ake ciro tire da ita daga oven, an ɗinke wurin babban yatsan. Safiya ta yi mana bayani a hankali. Ta ce in hannu mai lafiya yana yin komai, ƙwaƙwalwa sai ta manta da ɗayan, ta bar shi kamar ba nata ba. Don haka za a sa wa dama safa na wasu sa'o'i kowace rana, in tana zaune, a tilasta wa hagu ta yi aiki: ta tsinci wake, ta matsa fegi, ta ɗauki kofi, ta miƙa abu, ta karɓi abu, kuma ta riƙe cokali ta ci abinci. Ni ne zan riƙa sa mata safar, in zauna kusa da ita, in rubuta sa'o'in a takardar firji. Ta kuma ce watannin farko su ne masu tsada, hannu ya fi saurin koyo a cikinsu. Na ji wannan maganar da kunnena. Na ce to.

Na ce to, amma tun da ta ambaci cin abinci raina ya ƙi. Ku da kuka tashi a gidana kun san ni da ƙyamar hagu. A zango aka rene ni cewa hagu ta bayan gida ce, ba a ci da ita, ba a miƙa wa mutum abu da ita, kuma ni na ɗauki abin na ƙara masa gishiri. A shago in yaro ya miƙo mini kuɗi da hagu sai in tsaya ina kallonsa har ya sauya. A masallaci an san ni da gyara wa 'ya'yan mutane hannu a wurin walima. Kai kuma Bashir, bahago aka haife ka. Tun kana shekara huɗu na riƙa zura maka safar ƙafa a hannun hagu, in ɗaure ta da zare a wuyan hannu, lokacin cin abinci da lokacin rubutu. Kana kuka ina cewa gyara nake. Ka koma dama, na yi ta alfahari da haka a gaban abokai. To yanzu ga matata, Hajiya guda, za a ɗaure mata dama a sa ta ci da hagu a kan teburina.

Kwana huɗu na farko na bi umarni. Na ga shinkafa tana zuba a zaninta, cokali yana juyewa kafin ya kai baki, ita kuwa ta ciji leɓe tana sake ɗiba. A rana ta biyar aka ƙwanƙwasa ƙofa, na leƙa na ga Alhaji Isifu ne, abokina tun Kumasi, wanda muke sahu ɗaya a masallaci. Ban yi shawara da kowa ba, na fizge safar daga hannunta na rataye a ƙusar da ke bayan ƙofar kicin. Ta kawo masa ruwa da hannun dama, ya sha, ya yaba sauƙin da ta samu. Da ya tafi ban mayar da safar ba. Washegari lokacin abinci na ce a bari sai ta gama ci. Jibi na ce a bari sai bayan azahar, kada wani ya zo. Cikin mako guda ƙusar nan ta zama gidan safar. Ina sauko da ita ne kawai in saura minti goma Safiya ta kira, in sa wa Hajiya, in baza wake a tebur, in cika takardar firji da sa'o'in da ba a yi ba. Hajiya ta yi magana sau ɗaya, ta ce yarinyar nan fa ta san aikinta. Na ɗaga murya na ce a gidana ba za a ci abinci da hannun tsarki ba, in ta warke ta warke da yardar Allah, ba da safar oven ba. Ba ta sake tayar da maganar ba. Shekara talatin da wani abu muna tare, ba ta taɓa kunyata ni a gaban 'ya'yana ba, kuma da wannan halin nata na fake.

Kowace Lahadi Safiya takan gwada ta. Ta riƙe agogo a can Birmingham, Hajiya ta riƙa tsintar wake daga faranti zuwa kofi har minti ɗaya ya cika, ni in ƙirga. Makon farko huɗu. Mako na biyar huɗu. Mako na tara uku. Ina ganin fuskar 'yata a gilashi tana duba takardunta, tana sauya wannan atisaye da wancan, tana tambaya ko akwai ciwo a kafaɗa, ko Mma tana barci sosai. Ta ce ta nuna wa manyanta a wurin aiki, su ma abin ya ɗaure musu kai. A wannan Lahadin ta tara ce kai Bashir kana nan. Ka ga mahaifiyarka da safa a hannu, gumi a goshi, ƙwayar wake tana zille mata. Ka miƙe ka tsaya a gaban kyamara.

"Enough, Yaya. Ya isa. Wata biyu kina ɗaure mata hannu, and for what? A gidan nan an taɓa ɗaure wa wani hannu, na san yadda yake. Mma ba experiment ɗinki ba ce."

Safiya ta ce za ta sake kira, gilashin ya yi baƙi. Ka juya ka cire safar da kanka ka jefar a kujera. Ni ina zaune da kofin wake a hannu. Kalma uku sun isa in wanke Safiya daga zargi a wurin, amma na yi gum, har ma wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi cewa an sami wanda ya faɗi abin da nake so.

Asabar ta gaba sai ga Safiya a ƙofa, da cikinta wata bakwai, ta hau motar haya ta Birmingham ba ta gaya wa kowa ba. Na yi sauri na sauko da safar kafin ta cire takalmi. Ta gaisa, ta duba hannun mahaifiyarta yatsa bayan yatsa, sannan ta ɗauki safar daga kan tebur ta juya ta. Fara fat, ko ɗigon miya babu, ƙarin gugar da aka yi mata a kamfani ma bai baje ba. A bayanta kuwa ga ɗan zagayen tsatsa inda take taɓa ƙusa. Ta tambayi wanda yake wanke ta. Hajiya ta yi caraf ta ce Babanki ne, ai kin san shi da tsafta. Safiya ta kai safar hanci ta shinshina, ta ajiye. Ta dube ni. Sai ta shiga kicin ta dafa mana shayi, ta kwana ɗaya ta koma. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan na raka ta tasha na dawo, na tarar Hajiya tana zaune a gaban madubi, ɗankwali a cinya, kai a buɗe. Na matsa zan ɗaura mata, ta kauce.

"Alhaji, in tambaye ka. In kana yanka nama a shago, wuƙa tana dama. Naman da wane hannu kake riƙe shi?"

Na ce da hagu.

"Duk Longsight sun ci naman da hagunka ta riƙe, har liman. Tuwon da ka ci shekara talatin, hagu ce ta riƙe tukunyar. Bashir a kan hagu na ɗauke shi na ba shi nono. Jiya na yi wa 'yata ƙarya da cikinta a gaba, don in rufa maka asiri. Na yi na farko, ba zan yi na biyu ba. Ina son hannuna."

Ba ta ɗaga murya ba. Ranar Juma'a bayan an idar da salla na tsayar da limaminmu, wani yaro ne ɗan Zariya da bai girmi Safiya da yawa ba, na faɗa masa komai ina kallon kafet. Ya ce cin abinci da dama abin koyi ne ga mai lafiya, amma mara lafiya da ke neman magani yana da uzuri, addini bai ɗora masa abin da zai hana shi warkewa ba. Sannan ya tambaye ni malamin da na tambaya kafin in cire safar. Na ce ban tambayi kowa ba. Ya ce to ashe ba addini na kare ba. Bai ƙarasa ba, ni na ƙarasa wa kaina a hanyar gida: idon Alhaji Isifu na ji tsoro, da sunan da na yi na mai gyara wa mutane hannu.

Lahadi da sassafe na sa safar da takardar firji a jaka na hau motar Birmingham. Tun da aka kai Safiya ɗakinta ban taɓa zuwa ni kaɗai ba, kuma a inda na fito uba ba ya tattaki ya je ba 'yarsa haƙuri. Mijinta ya buɗe mini, ya ga fuskata, ya ce zai je sayen burodi, bai dawo ba sai azahar. Na zauna a kicin ɗinta na shimfiɗa takardar a tebur, na sa yatsa a layi na biyar na ce daga nan zuwa ƙasa duk ƙarya ce, da hannuna na rubuta. Ta yi kuka, irin kukan da ba a jin sauti. Ta ce wata biyu tana kwana tana tunanin ko ita ce ba ta iya aikinta ba, har ta fara jin tsoron taɓa majinyatanta. Da ta share fuska na tambaye ta ko akwai sauran dama.

"Baba, ba zan maka ƙarya ba. The best weeks sun wuce, ba za su dawo ba. Amma ƙofar ba ta rufe ba. Abin da da zai ɗauki wata uku, yanzu zai iya cin shekara, kuma ban san iyakar inda zai tsaya ba. Za ka iya shekara?"

Na ce zan iya. Ta ce a gani, ta ɗauki safar ta zura mini a dama. Wuni guda ta sa ni tsintar wake, da ɓalle maɓalli, da zuba ruwa daga buta zuwa kofi da hagu. Ni da hagu mai lafiya, mahauci, kafin la'asar na jiƙa mata tebur sau biyu, wuyana ya riƙe. Ta koya mini inda zan tsaya a bayan Hajiya, yadda zan tallafi gwiwar hannu ba tare da na ja kafaɗa ba, yadda zan miƙar da yatsu a hankali da ruwan ɗumi kafin a fara, da abin da ya fi wuya, wato in ga abu zai faɗi in bar shi ya faɗi. Da zan tafi na ce zan kira Bashir in gaya masa gaskiya. Ta hana ni. Ta ce ƙaninta yana ɗauke da haushina tun yana yaro saboda hannunsa, in ya ji wannan ba zai ƙara taka gidan ba, kuma Mma tana bukatarsa. Gara ya ji haushinta ita. Na yarda nan take. Wannan shi ne laifina na biyu, domin ba don hikimarta na yarda ba, don ya yi mini daɗi ne.

Na koma Manchester na gaya wa mai shago cewa daga yau rabin wuni zan riƙa yi. Na zare ƙusar nan daga bayan ƙofa da filaya. Kullum bayan kiran safe nakan jiƙa hannun a ruwan ɗumi, in miƙar da yatsu, in sa safa, mu fara. Wake, fegi a bakin kwano, murɗa murfin kwalba, ninke tawul, juya shafin littafi. Na sayo kyamara mai doguwar waya don Safiya ta riƙa ganin teburin cin abinci, na ce ta kira duk lokacin da ta ga dama ba sai ta sanar ba. Takardar firji kuwa, ranar da muka yi sa'a biyu kawai don Hajiya ta gaji, biyu nake rubutawa. Ba kullum ake shiri ba. Akwai ranar da ta watsa mini fegi a fuska ta ce da ni da 'yata duk azzalumai ne, akwai makonnin da wake ya tsaya a shida ya ƙi gaba. A wurin sunan 'yar Safiya ma ni na ɗaura mata ɗankwali, wata daga dangin mijin ta tambaya ko sabon yayi ne daga Accra. Hajiya ta ce e, sunansa mahauci.

Alhaji Isifu ya sake zuwa wata rana muna tsakiyar aiki. Na ji ƙwanƙwasawarsa, hannuna ya tafi wajen safar da kansa, na dawo da shi. Ya zauna, Hajiya ta ɗauko kofin shayi da hagu, yana rawa, rabi ya zube a kafet kafin ta iso. Ya dubi hannun, ya dubi farar safar, ya dube ni, bai miƙa nasa ba. Sai na tashi na karɓa da hannu biyu na ce na gode Hajiya, na sha a tsaye. Na gaya masa magani ne, kuma a gidan nan yanzu da hagu ake ba da shayi, wanda bai iya sha ba akwai famfo a kicin. Bai daɗe ba ya tafi. Maganar ta zaga, a walima ta gaba wani ya ce a kira Alhaji ya duba hannun yara, aka yi dariya. Na ci abincina. Ban ƙara gyara wa ɗan kowa hannu ba har yau.

An kusa zagayowar shekara, wata Lahadi da safe, Safiya ta kira da jaririya a cinya. Mun daɗe muna gwaji da igiya, sannan da tawul, sannan da ƙaramin gyale. Ranar Hajiya ta ce in ɗauko mata ɗankwalin atamfarta mai ruwan goro, in kuma koma gefe in sa hannuwana a aljihu. Ta ɗora shi a goshi. Hagu ta tashi a hankali, yatsu uku suka kama gefe ɗaya, dama ta zagaya da ɗayan. Ya suɓuce. Ta sake. Ya suɓuce. A na uku ta kai su ƙeya, ta sarƙa, hagu ta riƙe dama ta ja, ta soke bakin. Ya ɗan karkata, amma ɗauri ne, irin nata. Muka juya ga gilashi, sai muka ga Safiya ta daskare, ido a rufe, baki a karkace. Na daki akwatin kamar yadda Bashir yake yi. Da hoton ya dawo sai ta ce:

"Sorry, Mma, network ne. Ban ga komai ba. Baba ne ya ɗaura?"

"Ji 'yar nema," in ji Hajiya. "Wannan ya yi miki kama da cinyar rago?"

Ta sa hannu ta warware shi gaba ɗaya, ta shimfiɗa a cinya, ta sake ɗaurawa tun daga farko, a gaban idon 'yarta. Juma'ar da ta biyo ta je masallaci.

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ta riƙe tukunya, ta goya jikoki, ta ɗaura wa amare. Amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba su taɓa buɗewa ba, haka aka yi mata wanka da su a lanƙwashe. Na tambayi Safiya ko da sun buɗe in da ban ɓata makonnin nan ba, ta ce Allah kaɗai ya sani. Ni dai duk lokacin da na tuna su, nawa ne.

Bashir, na ɗaure maka hannu kana ƙarami, na kuma bar ka ka ɗora wa yayarka laifina kana babba. Ina roƙonka gafarar duka biyun. Safiya, na karya alƙawarin shirun da na yi miki, da sanina na karya, kuma tun a kicin ɗinki ya kamata in ƙi shi. Safar tana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin fasfo. Ta yi baƙi da miya da shayi, ta huje a wurin yatsu, amma in ka juya bayanta za ka ga zagayen tsatsar nan bai fita ba. Ka ɗauke ta, ka hau mota ka kai wa yayarka Birmingham da hannunka, wanda ka ga dama a cikin biyun.